GIRIS ƊIN MOTA A JIKIN BINDIGA: DABARA CE KO GANGANCI?

Daga Wakilinmu

Akwai wata gardama da ta daɗe tana gudana tsakanin sojoji da 'yan sanda da maharba da masu gyaran makamai a ƙasashe da dama, wadda har yau ba a kashe bakinta ba. Gardamar kuwa ita ce, shin ya kamata mutum ya ɗebi giris irin wanda makanikai ke cusa wa ƙafar mota ya shafa wa bindiga, a maimakon man da aka yi musamman dominta? Waɗansu suka ce ai ƙarfe ƙarfe ne, abin da ya iya da nauyin babbar mota tun daga Legas har Maiduguri ba zai kasa da 'yar sakatar bindiga ba, ga shi kuma da araha, ana samunsa a kowace tasha. Waɗansu kuwa suka ce wannan ganganci ne, kuma ran da giris zai ci amanar mai shi, ran nan ne ba shi da damar gyara kuskurensa.

Mai karatu yana iya ɗauka cewa wannan ƙaramar magana ce wadda ba ta wuce ɗakin ajiye makamai ba. To, amma a kan ɗan maiƙon nan da bai cika cokali ba an yi hasarar rayuka, an kafa kwamitin bincike na majalisa, har ma akwai daular da ta girgiza. Bugu da ƙari, bindigar da ke hannun ɗan sanda ko soja ko jami'in kwastan dukiyar jama'a ce, da kuɗin haraji aka saye ta, kuma wani ma'aikaci ne a wani ofis yake sa hannu a kan takardar sayen man da za a shafa mata, ko kuma ya ƙi sawa.

Mene Ne Giris?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka giris wani abu ne dabam da mai. Alhali kuwa giris mai ne aka ɗaure shi. Mafi yawan abin da ke cikin gwangwanin giris, watau wajen kashi 70 zuwa 95 cikin 100, mai ne na gyaran inji. Sauran kuwa wani irin sabulu ne da ake haɗawa da sinadari kamar litiyam ko kalsiyam, wanda yake riƙe man kamar yadda soso ke riƙe ruwa, sa'an nan da 'yan magungunan hana tsatsa da hana ƙarfe cin ɗan'uwansa. In ƙarfe ya danne ƙarfe sai soson nan ya saki mai kaɗan, in an sassauta sai ya sake tsotse shi. Giris mai litiyam, wanda shi ne ya cika kasuwa, wani Ba'amurke mai suna Clarence Earle ne ya yi rajistar hikimar haɗa shi a cikin 1942.

Masana sun kasa giris aji tara bisa ga taurinsa, daga mai lamba 000 wanda yake kwarara kamar kunu, har zuwa mai lamba 6 wanda ya yi kusa da sabulun sanda. Wanda ake sa wa ƙafar mota yawanci mai lamba 2 ne.

Amfanin giris a fili yake. Inda aka sa shi nan yake zama, ba ya tsiyaya, ruwan sama ba ya wanke shi da sauƙi, kuma yana jure danniya. Aibinsa kuma daga nan ya fito. Tun da ba ya gudu, duk ƙura da tokar albarushin da suka faɗa masa nan za su zauna. Sa'an nan yana da nauyin ja. Injin mota yana da ƙarfin dawakai da yawa, bai ma san akwai giris a ƙafa ba. Bindiga mai sarrafa kanta kuwa ba ta da wani ƙarfi sai na ɗan hayaƙin harsashi da na sifirin guda, kuma da su ne za ta tura sakata baya, ta tofar da kwanso, ta ɗauko sabon harsashi, ta rufe. Bindigar AK-47 tana yin wannan aiki kamar sau 10 cikin daƙiƙa ɗaya. Duk abin da ya rage wa sakata gudu, ko yaya yake, yana iya tsayar da aikin gaba ɗaya.

Bindigar Da Ba Ta Rayuwa Sai Da Giris

Masu goyon bayan giris suna da babbar hujja, kuma ba ta ƙarya ba ce. A cikin 1936 sojan Amurka suka karɓi bindigar da ake kira M1 Garand, wadda John Garand, haifaffen Kanada, ya ƙago a masana'antar makamai ta Springfield. Ita ce ta zama bindigar sojan ƙasa na Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin Koriya, kuma an ƙera fiye da miliyan 5. A jikinta akwai wani dogon sanda na ƙarfe a gefen dama wanda hayaƙi ke turawa baya, shi kuma ya murɗa sakata ta buɗe. Wurin da sandan nan yake haɗuwa da kunnen sakata, ƙarfe ne yake gogar ƙarfe da matsanancin ƙarfi.

Da aka gwada bindigar a cikin ruwan sama mai yawa sai aka ga ruwa yana wanke man da aka sa a wurin, ƙarafan biyu su ciji juna, bindiga ta ƙi buɗewa. Maganin da aka samu shi ne wani farin giris mai suna Lubriplate, na wani kamfani a jihar New Jersey wanda sana'arsa ita ce yin man injuna da na masana'antu. Aka riƙa zuba shi cikin wani ɗan ƙanƙanen kwano wanda bai fi kan babban yatsa ba, soja ya ɓoye shi cikin ramin da ke gindin bindiga. Watau dai hukumar soja da kanta ce ta ɗauko giris daga duniyar injuna ta kai shi fagen fama.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Bayan yaƙi kamfanin Beretta na Italiya ya ɗauki ƙirar Garand ya yi mata gyare-gyare, ya fito da bindigar BM59. Da aka kafa Hukumar Masana'antun Tsaro ta Nijeriya a Kaduna a cikin 1964, tare da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, BM59 tana cikin bindigogin farko da aka yi a can. Saboda haka tsohon sojan da ya ce a zamaninsu giris suke sa wa sandan bindiga, ba tatsuniya yake yi ba, jinin Garand ne a jikin makaminsa.

Mutanen Suwizalan ma haka. Sojansu sun shekara da shekaru giris ake raba musu, ba mai ba, da fari wani mai launin rawaya, daga baya wani baƙi mai sinadarin molibdinam domin bindigogi masu sarrafa kansu. Har cikin bututu suke shafa shi bayan an gama harbi, amma dokarsu ita ce a goge shi sarai kafin a sake harbawa. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar bindigar Suwizalan ya san yadda cikinta ke ƙyalli. Sai dai a lura, giris ɗin nasu mai laushi ne, an auna shi domin bindiga, kuma ƙasarsu ba ta san hazo irin namu ba.

Abin Da Ya Faru A Camp Perry

Inda giris ɗin mota ya fara yin baƙin suna kuwa a filin gasa ne. A farkon ƙarni na 20 harsashin sojan Amurka yana da riga ta jan ƙarfe gauraye da nikel. In aka yi harbi da yawa sai rigar nan ta riƙa barin gudaji-gudaji a cikin bututu, saiti ya lalace, kuma kankare su aiki ne ja. Sai gwanayen harbi suka gano cewa in suka tsoma kan harsashi cikin wani giris ɗin mota mai suna Mobilubricant, gudajin ba sa kamawa. Nan da nan dabarar ta bazu, kowa da ɗan gwangwaninsa a gefe.

A gasar ƙasa ta 1921 da aka yi a Camp Perry cikin jihar Ohio, hukuma ta kawo sabon harsashi wanda aka shafe kansa da kuza domin maganin gudajin, ta kuma gargaɗi 'yan gasa kada kowa ya sa giris. Waɗansu ba su ji ba. Aka samu bindigar da ta fashe. Manjo Janar Julian Hatcher, wanda ya yi aiki a sashen makamai na sojan Amurka, ya kawo labarin cikin littafinsa na 1947, ya kuma ɗora laifin a kan giris. Daga baya waɗansu masana suka ce ba a yi wa giris adalci ba, domin kuzar nan da kanta takan manne kan harsashi da wuyan kwanso kamar an yi musu walda, kuma wannan kaɗai ya isa ya ta da matsi fiye da kima. Ko ma wanne ne, an daina shafa kuza, aka koma wata riga ta jan ƙarfe da tutiya wadda ba ta barin gudaji, buƙatar giris a kan harsashi ta wuce.

Amma akwai wani ilimi a cikin wannan al'amari wanda babu gardama a kansa, kuma ya kamata kowane ɗan makaranta mai karatun kimiyya ya fahimce shi. Lokacin da harsashi ya tashi, matsin da ke cikin bututu yakan kai kamar tan 3 da rabi a kan kowace santimita murabba'i. Kwanson tagulla yakan kumbura nan take ya kama bangon makwancinsa ƙam, ta haka yana ɗauke wa sakata wani kaso na bugun. In akwai mai ko giris a makwancin, kwanso ba zai kama ba, sai ya zame baya, bugun duka ya sauka a kan sakata, sakata kuwa tana daidai fuskar mai harbi. Turawan Ingila sun san wannan sarai, har ma da gangan sukan shafa wa harsashin gwaji mai in za su jarraba ƙarfin sabuwar bindiga, domin su ba sakatar wuya iyakar wuya. Abin da masana'anta ke yi sau ɗaya a bayan katanga, bai kamata mutum ya riƙa yinsa kullum da kuncinsa a jikin katako ba.

Haka kuma in giris ya taru cikin bututu. Harsashi yana fita da gudun da ya ninka na sauti, giris ba ya matsuwa kuma ba shi da lokacin kaucewa, sai bututun ya yi ƙulu, ko ya tsage.

Sanyi Da Ƙura

A damunar ƙanƙara ta 1941, sa'ad da sojan Jamus suka isa bakin Mosko, man da ke jikin bindigoginsu da motocinsu ya daskare, manyan bindigogi masu jigida suka ƙi tashi. Rashawa, waɗanda suka saba da ƙasarsu, suna da mai na sanyi, kuma sukan tsinka shi da fetur ko kananzir. Shekara 9 bayan haka, cikin Nuwamba da Disamba na 1950, sojan Amurka suka gamu da irin wannan a tafkin Chosin na Koriya ta Arewa, inda sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifiri. Mai ya yi kauri, tsinken da ke saran gindin harsashi ya rasa kuzari, a ja kunama a ji shiru. Da yawa suka goge man duka suka yi harbi a bushe, waɗansu har man gashi suka gwada. In mai ruwa-ruwa ya yi haka, to ina ga giris mai lamba 2? Shi ya sa littattafan horon sojan Amurka suka keɓe wani mai dabam na yankin ƙanƙara, wanda ake komawa gare shi in sanyi ya kai wajen digiri 23 ƙasa da sifiri.

Mu nan wannan bai dame mu ba, ko a Jos ko a Mambila. Abokin gabanmu ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi kamar gari daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta watsa mana, kuma babu kafar da ba ta shiga. Kowane bakanike ya san abin da ke faruwa in ƙasa ta shiga giris. Ya tashi daga mai hana ci ya koma mai ci, kamar irin maiƙon nan mai yashi da ake wasa bawul da shi. A mota akwai roba da murfi masu tsare giris daga ƙasa. Bindiga kuwa a buɗe take, tana rataye a kafaɗa a bakin hanya tun safe har dare, manyan motoci suna wucewa suna bulbula mata ƙura.

Masu ƙera makamai sun daɗe suna kokawa da wannan. Bindigar FN ta Beljiyam, wadda sojanmu suka daɗe suna riƙewa, da Ingilishi suka yi tasu sai suka yanka waɗansu 'yan kwaruruka a karkace a jikin abin da ke ɗauke da sakata, domin yashi ya samu wurin faɗawa. Sojan Isra'ila kuwa, bayan wahalar da yashi ya ba su da irin wannan bindiga a yaƙin 1967, sai suka koma ga wata ƙira da aka ɗauko daga Kalashnikov, wadda aka bar wa sassanta sarari da gangan.

Ran 23 ga watan Maris 2003, wani ayarin sojan Amurka na kamfani na 507 ya ɓata hanya ya faɗa cikin garin Nasiriyya na Iraƙi. Sojoji 33 ne, 11 suka rasa rayukansu. Rahoton da hukumar soja ta fitar ya nuna cewa makamai da yawa sun cije a tsakiyar faɗa, ya kuma ce mai yiwuwa rashin kula da su yadda hamada ke buƙata ne ya jawo. Abin tausayi, kamfanin nan na masu gyara ne, watau makanikai.

Daga nan sai aka sake ta da tsohuwar magana cewa a hamada gara a bar bindiga a bushe. Amma gwaje-gwajen da sojan Amurka suka yi a ɗakin ƙura cikin 2006 da 2007 sun nuna akasin haka. Bindigogin M4 da M16 da aka jiƙa cikinsu da mai sosai sun fi waɗanda aka ɗan shafa wa kaɗan aiki, nesa ba kusa ba. Masu son giris sukan kawo wannan a matsayin hujja, amma a ganina hujjar ba tasu ba ce. Abin da aka gwada mai ne mai gudu, wanda yake ɗaukar ƙura ya fitar da ita daga kan hanyar sakata. Giris kuwa riƙe ta yake yi a daidai inda ba a son ta.

Darasin Biyetnam

Babu inda maganar man bindiga ta yi ƙara kamar Biyetnam. An kai bindigar M16 can ana yaɗa cewa ba ta buƙatar wanki sosai, saboda haka ba a raba isassun kayan shara ba, ba a kuma koya wa sojoji yadda za su kula da ita ba. Ana cikin haka, a 1964 aka sauya irin albarushin da ke cikin harsashinta zuwa wani mai barin toka da yawa kuma mai ƙara mata gudu. Makwancin harsashin kuma ba a shafe shi da kurom ba, ga ƙasa mai laima da ruwa. Sai tsatsa ta riƙa cin makwancin, kwanso ya manne, ba ya fita sai an zura sanda ta baki an bugo shi, alhali abokan gaba suna harbi.

Sojoji suka shiga rubuta wa iyayensu wasiƙa a aiko musu da sandan shara da mai daga kanti. Wani mai suna Dri-Slide ya yi farin jini ƙwarai. Bayan faɗan tsaunukan Khe Sanh a cikin Afrilu da Mayu 1967, koke-koke suka isa majalisa, aka kafa ƙaramin kwamiti a ƙarƙashin ɗan majalisa Richard Ichord, wanda ya ba da rahotonsa cikin Oktoba na wannan shekara, ya kuma soki hukumar soja da kakkausan harshe. Aka shafa wa makwanci kurom, aka gyara sifirin da abin da ke tare sakata, aka raba kayan shara, aka kawo wani mai mai ɗan kauri da ake kira LSA, wanda yake tsaka-tsaki ne tsakanin mai da giris. Har littafin zane mai ban dariya aka buga a 1968 domin a jawo hankalin samarin sojoji su karanta yadda ake wanke bindiga. Daga wajen 1980 kuma aka koma ga mai guda mai aiki uku, watau wanki da santsi da hana tsatsa.

Abin lura ga ma'aikacin gwamnati a nan shi ne, sojan nan ba don son rai suka nemi man kanti ba. Rashin uwa ne ya sa suka yi uwar ɗaki. An kashe miliyoyi wajen sayen bindiga, aka yi ƙwauron 'yan kwabbai wajen burushi da tsumma da kwalbar mai. Wannan cuta ba ta Amurka kaɗai ba ce. A kowace ma'aikata sayen babban kaya yana da daɗi, ana yanka kirtani, ana ɗaukar hoto. Kuɗin kula da kayan kuwa shi ne na farko da alƙalami ke bi ta kansa in an zo tsuke bakin aljihu.

M16 tana da wata matsala kuma da giris ɗin gareji. Gangar jikinta alminiyam ce, kuma akwai giris ɗin da ake sa wa garin baƙin fensir, watau girafait. In girafait ya zauna a kan alminiyam ga laima, sai ya riƙa cinsa a hankali. Wani giris ɗin kuma, da man giya na mota, suna ɗauke da sinadarin farar wuta domin jure nauyi, wanda ba ya shiri da tagulla da jan ƙarfe. Mai saye a cikin leda ko gwangwanin madara a bakin tasha ba shi da hanyar sanin wanne aka auna masa.

Maiƙon Da Ya Girgiza Daula

Kafin zamanin mota ma an taɓa yin rikicin maiƙon bindiga, kuma shi ne mafi girma. Bindigar Enfield ta 1853 ta baki ake ɗura ta. Harsashinta da albarushinsa suna naɗe cikin takarda mai maiƙo, soja ya ciji takardar da haƙori ya zuba. A farkon 1857 magana ta bazu daga barikin Dum Dum kusa da Kalkata cewa maiƙon nan kitsen saniya ne da na alade, abin da yake ƙazanta ne ga Bahindu da Musulmi baki ɗaya. Turawa suka ce to kowa ya haɗa nasa da kakin zuma da man shanu, amma yarda ta riga ta tafi. A garin Meerut aka yanke wa barade 85 hukuncin ɗauri saboda sun ƙi karɓar harsashi, aka sa musu mari a gaban 'yan'uwansu ran 9 ga Mayu. Kashegari bariki ya tashi. Lalle akwai tsofaffin ƙorafe-ƙorafe na ƙasa da albashi da addini, amma maiƙon ne ya ƙyasta ashana. Kafin ƙarshen 1858 mulkin Kamfanin Gabashin Indiya ya ƙare, Sarauniya ta karɓi ƙasar.

To, Ina Gaskiyar Take?

Tsofaffin masu gyaran makamai suna bin wata ƙa'ida mai sauƙi, cewa inda ƙarfe ke zamewa a kan ƙarfe da nauyi, giris ya fi, inda kuwa abu ke juyawa a kan ƙusa ko sifirin ke aiki, mai ya fi. A bisa wannan, giris ɗin mota mai tsabta, daga gwangwani rufaffe mai suna a jiki, in aka lakata ɗan kaɗan a kunnuwan sakata ko a kan sandan bindiga irin Garand, yana aiki, kuma masu irin waɗannan bindigogi a Amurka da yawa shi suke sawa ba tare da wata illa ba. Wanda ya ce giris ɗin mota guba ne ga kowace bindiga ya wuce gona da iri. Kamfanonin da ke sayar da 'yar kwalbar mai da tsada ba su ƙi a ci gaba da tsoron ba.

Amma kalmar "a maimakon" ita ce inda aka ɓata. Giris ba ya wanki. Ba ya ratsawa cikin lunguna kamar mai. Ba shi da wurin zama a makwancin harsashi, ko cikin bututu lokacin harbi, ko ramin tsinke, ko gidan harsashi, ko hanyar hayaƙi inda zafi zai toya shi ya koma gawayi. In aka cire waɗannan wurare, abin da ya rage na giris a jikin yawancin bindigogin zamani bai fi tabo biyu ko uku ba, kuma a lokacin hazo ko su ma sai an riƙa gogewa ana sabuntawa.

Akwai wani haɗarin da ba a cika ambata ba. Tsofaffin harsasan .303 irin na bindigar maka-fo da 'yan sandanmu suka daɗe da ita, da kuma harsasai da yawa na ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat, sukan bar wani gishiri a cikin bututu bayan harbi. Gishirin nan mai ba ya narkar da shi, giris ma haka, sai ruwa. Shi ya sa sojan Ingila suke da mazurari na musamman da suke kwarara tafasasshen ruwa cikin bututu, su busar, sa'an nan su sa mai. Wanda ya lulluɓe gishiri da giris ya rataye bindiga, zai ga waje yana sheƙi, ciki kuwa tsatsa tana cin tuwonta, ba zai sani ba sai ran da aka zo duba makamai.

Mafi muni duka shi ne baƙin mai da aka juye daga inji, wanda ake samu kyauta a kowane gareji. Yana ɗauke da garin ƙarfe da toka da tsami da ragowar fetur, kuma masana lafiya sun tabbatar yawan taɓa shi da fata yana iya jawo ciwon daji. Mai da inji ya riga ya gaji da shi ba shi da abin da zai ba bindiga.

Wajen ajiya ta dogon lokaci kuwa giris ne sarki. Bindigogin da aka tsoma cikin maiƙon ajiya mai kauri irin Cosmoline bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an buɗe akwatunansu bayan shekara 40 da 50 an tarar da su kamar jiya aka ƙera. Sai dai kafin a harba ko ɗaya sai an warware ta an wanke maiƙon tas, musamman a ramin tsinke. In ya bushe a nan yakan riƙe tsinken a waje, kuma a irin bindigar SKS ta Rasha wannan yakan sa ta tashi da kanta da zarar sakata ta rufe, ta yi ta harbi ba wanda ya taɓa kunama, har sai harsashi 10 ɗin da ke cikinta sun ƙare.